Zeitz MOCAA: rumbun masarar Cape Town da aka fafe cikinsa ya zama gidan fasaha

Wanda ya shiga Zeitz MOCAA, gidan baje kolin fasahar zamani ta Afirka, ya fara sauka can ƙasan farfajiya, ya tsaya, ya ɗaga kai. Abin da ke bisa kansa bututun kankare ne manya-manya, an yanke su a karkace kamar yadda ake fafe ƙwarya. Bakin kowane yanka an goge shi har yana ɗaukar ido, tsakuwar da aka kwaɓa da siminti shekara 100 da suka wuce ta fito fili, kowace da launinta. Daga can sama, mita 27, hasken rana na gangarowa ta faifan gilashi da aka rufe bakin kowane bututu da shi. A wani bututun lif ce ta gilashi take hawa da sauka, a wani kuma matattakala ce ta nannaɗe tana hawa kamar dodon-koɗi. A wannan wuri kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ba gardama. Ɗakunan da ake rataye zane-zane a cikinsu kuwa, wato ainihin abin da aka gina gidan dominsa, a nan akwai sauran magana.

Ginin yana unguwar tashar jiragen ruwa ta V&A Waterfront a Cape Town, Afirka ta Kudu. An fara shi a 1921, ya soma aiki a 1924, aikinsa kuma ɗaya ne: jirgin ƙasa ya kawo hatsi daga gonakin cikin ƙasa, galibi masara, a auna, a tantance, a zuba a rumbu, jirgin ruwa ya zo ya kwashe. Yana ɗaukar tan 30,000. Tsayinsa mita 57, kuma ya yi shekaru da dama babu ginin da ya fi shi tsawo a Afirka kudu da Sahara. Kashi biyu ne manne da juna: doguwar hasumiya inda injuna ke ɗaga hatsi sama su rarraba, da jerin bututu 42 inda ake ajiya. A 2001 aka daina aiki da shi. Kamfanin da ya mallaki unguwar ya zuba rand miliyan 500, ofishin Thomas Heatherwick na Landan ya yi zanen tare da masu zanen gini na ƙasar, aka buɗe gidan ranar 22 ga Satumba 2017. Sunan ya samo asali daga Jochen Zeitz, Bajamushe, tsohon shugaban kamfanin Puma, wanda ya ba da aron kayan fasahar da ya tara.

Ba kowace tsohuwar masana'anta ba ce take wahalar mayarwa gidan fasaha. Tate Modern ta Landan tashar wutar lantarki ce da aka rufe a 1981, aka buɗe ta a matsayin gidan fasaha a 2000, kuma babban zaurenta mai tsawon fiye da mita 150 da tsayin mita 35 yana nan tun asali. Injuna aka kwashe, fili ya bayyana. Haka masaƙa ko sito: ginshiƙai a jere, tagogi manya, daɓe mai ɗaukar nauyi, sai gyara da shara. Rumbu ba haka yake ba. Ba a gina shi don ɗan Adam ya shiga ba. Kowane bututu a nan faɗinsa mita 5.5, tsayinsa mita 33, ba ƙofa, ba taga, ba bene. In ka lissafa ƙasan bututu guda, bai kai murabba'in mita 24 ba, ga bango a zagaye wanda ba ya karɓar zane mai firam. Zaɓi biyu ne kawai: ko a bar shi a rufe ana kallo daga waje, ko a sa zarto.

Sa zarton ne aikin, kuma a nan ne wanda bai san kankare ba zai yi ɓarna. Ƙarfin bututu yana cikin kasancewarsa zobe. Hatsi yana tura bango waje, rodin da aka naɗa a zagaye yana riƙewa kamar ɗamara, nauyi kuma yana sauka kai tsaye ta bangon zuwa harsashi. Ranar da ka yanke gefe guda, zoben ya tsinke, ɗamarar ta kwance, abin da ya rage a sama ba shi da ƙafar tsayuwa. Ga bangon ba kauri, milimita 170 kacal. Don haka ba a fara da yanka ba. Sai da aka zuba sabon kankare mai rodi, kaurin milimita 250, a cikin bututun da za a taɓa, kamar an sa wa tsohuwar riga shafi. Aka zuba shi daidai da siffar ramin da ake son fitarwa, bakinsa yana bin lanƙwasar da aka zana. Da ya kama, kaurin bango ya zama milimita 420, sabon ya ɗauki nauyi, bakinsa kuma ya zama layin da mai zarto zai bi ya datse tsohon. Daga nan aka goge bakin yankan. Siffar ramin kuwa daga ƙwayar masara guda aka ɗauko ta: aka ɗauki hotonta da na'ura ta kowace fuska, aka faɗaɗa a kwamfuta har ta kai tsayin mita 27.

Wannan dabara ta zuba sabo kafin a yanke tsoho ita ce abin da ya fi cancantar yabo a ginin gaba ɗaya, domin aiki uku ta yi a lokaci guda: ta tokare ginin, ta zama ma'aunin yanka, ta kuma ba bakin bututun kaurin da ido ke gamsuwa da shi. Da an bar milimita 170 kaɗai, da bakin ya yi sirit kamar kwali, mai kallo ya riƙa jin kamar zai ɓalle. Wahalarta kuwa tana wajen akwatin katakon da ake zuba kankaren a ciki. Babu bututu biyu da yankansu ya zo iri ɗaya, saboda ƙwayar masara ba ƙwallo ba ce, don haka kowane akwati da nasa awon, kuma kuskuren 'yan santimita a bututu ɗaya zai nuna kansa a inda lanƙwasarsa ta haɗu da ta maƙwabcinsa. A tsaya a bene na tsakiya a bi bakin yankan da ido daga bututu zuwa bututu: layin yana tafiya ba tare da ya karye ba. Aikin masu awo ne da kafintoci, ba na kwamfuta kaɗai ba.

Sai nauyin abin da ake cirewa. Mita ɗaya ta kowace fuska na kankare yana kai kilo 2,400, wato murabba'in mita guda na bango mai kaurin milimita 170 ya haura kilo 400. Bututu guda cikakke, in aka bi lissafi, ya doshi tan 230. Irin wannan ba a kayar da shi a bar shi ya faɗo, don girgizar kaɗai ta isa ta tsaga bangon da ake son a tsirar. Ƙa'idar aikin ita ce a yanka gunduwa-gunduwa daga sama zuwa ƙasa, a ɗaure kowace gunduwa kafin zarto ya gama ratsa ta, a sauke a hankali. Zarton mai haƙoran lu'ulu'u ne, ana kwarara masa ruwa don kada ya ƙone kuma don ƙurar siminti kada ta shiga huhun ma'aikata. Mutane kan ɗauka tsohon kankare ya yi laushi. Akasin haka ne: in bai sha ruwa da gishiri ba, ƙara tauri yake yi da shekaru, yana cin haƙoran zarto yana cin lokaci.

Duk mai shirin irin wannan aiki, a rumbu ne ko a masaƙa, akwai binciken da in ya tsallake zai biya ninki daga baya. Na farko awo da na'urar leza, domin tsohon zanen gini, in ma an same shi, yana nuna abin da aka yi niyya ne, ba abin da aka gina ba. Bututun da takarda ta ce a miƙe yake, sau da yawa ya ɗan karkata ko ya yi ciki. Na biyu a huda bango a wurare da dama a zaro gunduwar kankare a kai ɗakin gwaji a matse ta har ta fashe, a san ƙarfinta. Na uku a fesa wa sabon karayar ruwan fenolftalin: inda ya koma ruwan hoda mai haske, kankaren na da sauran sinadarin da ke kare rodi daga tsatsa, inda bai canza launi ba, iska ta riga ta cinye kariyar. In wurin da bai canza ba ya kai zurfin da rodi yake, tsatsa ta samu hanya. Ginin bakin teku kuma yana da ƙarin abokin gaba, gishirin da iska ke ɗaukowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga: gishiri ya bi tsaga ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta ninka girman ƙarfen sau biyu zuwa shida, ta ɓamɓare kankaren daga ciki. Shafa siminti a kan irin wannan wuri ɓata kuɗi ne. Sai an sassaƙe har bayan rodin, an kankare tsatsar, an maye wanda ya sirance, sannan a cike. Ban da waɗannan akwai tsohon fenti mai dalma, da asbestos a jikin bututun ruwa da rufi, da kashin tantabaru na shekaru, da ƙurar hatsi wadda in ta tashi a rufaffen wuri ta haɗu da tartsatsin walda tana iya fashewa. Ana share ta tas kafin a kunna wuta ko ɗaya.

Daga waje aikin ya yi kunya, kuma hakan daidai ne. An wanke fentin da aka lafta wa ginin shekara da shekaru da ruwa mai ƙarfi har launin kankaren na asali ya dawo, da tabonsa da layukan zubinsa. Canji babba guda ɗaya ne, a saman hasumiyar: an cire bangon da ke tsakanin ginshiƙai aka sa tagogin gilashi masu kumburowa waje kamar matashin kai, kowace an harhaɗa ta da ƙananan gilasai masu kusurwa uku. Da dare in an kunna fitilu, ginin kan zama kamar fitilar tashar jirgi. Akwai masu ganin tagogin sun cika ƙyale-ƙyale a jikin gini mai kamun kai irin wannan, kuma suna da hujja. Sai dai a lura an bar ginshiƙai da gadojin kankare yadda suke, tagogin sun zauna a cikin ramukan da tsarin ginin ya riga ya bayar, ba a ƙirƙiro musu sabbi ba. Galibin waɗannan tagogi ma ba na gidan fasahar ba ne, na otal ne mai ɗaki 28 da ya mamaye benayen sama.

Yanzu ɗakunan baje koli. Gidan yana da murabba'in mita 9,500 a hawa tara, daga ciki 6,000 na nuna kaya ne, an raba su ɗaki kusan 80. Raba 6,000 gida 80, kowane ɗaki ya tashi da murabba'in mita 75 a matsakaici. Ga fasahar zamani wannan ƙarami ne. Masu fasahar yau suna yin aikin da ke cin bango mai tsawon mita 10, ko sassaƙen da sai an ja da baya taku 15 kafin a gan shi duka, ko bidiyo mai allo uku. Don a samar da ɗakunan, an rushe bututun tsakiya a wannan ɓangare aka bar na gefe a matsayin bangon waje, aka gina sabbin benaye a ciki, aka yi farin bango mai kusurwa huɗu. Sakamakon shi ne da zarar ka bar farfajiya ka shiga ɗaki, rumbun ya ɓace. Farin bango, hasken lantarki, rufi a kusa da kai, ƙofa zuwa wani ɗakin irinsa. Kana iya kasancewa a kowane gidan fasaha a kowane birni. Ɗakuna ƙanana masu buɗe wa juna kuma suna da halinsu: sautin bidiyon wannan ɗaki yakan bi ka zuwa na gaba, kuma bayan ɗaki 20 mutum kan rasa gabas da yamma, sai ya leƙo farfajiya ya gane inda yake.

Amma kafin a ɗora laifin a kan mai zane, a san dalilin farin akwatin. Gidan da ke son manyan gidajen duniya su ba shi aron kaya dole ya nuna yana riƙe zafin ɗaki a wajen digiri 20, danshin iska kuma tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, dare da rana, ba hawa da sauka. Aikin takarda da na yadi ba sa son haske ya wuce lakis 50 (lakis ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fentin mai kuma wajen 200. Danshi in ya yi yawa takarda ta yi fumfuna, in ya yi kaɗan katako ya tsage, in yana hawa yana sauka fenti ya ɓare daga jikin yadi. Tsohon bango mai milimita 170 da ke fuskantar iskar teku ba zai iya ba da wannan ba. Yana shan zafi da rana, yana yin raɓa ta ciki in dare ya yi sanyi. Maganin da aka sani shi ne akwati cikin akwati: a bar tsohon bango yana fama da iska da ruwa, a gina sabon ɗaki a cikinsa da tazara a tsakani, a bi da bututun iska da wayoyi ta wannan tazara da ta cikin rufi. Kowane santimita da bututun iska ya ci, daga tsayin ɗaki aka cire shi. Shi ya sa rufin ya sauko. Sanyayawar ma da dabara: unguwar tana amfani da ruwan tekun Atlantika, wanda a gaɓar Cape Town sanyi gare shi duk shekara, wajen ɗauke zafin na'urorin sanyaya gine-ginenta. Wannan yana rage wuta, sai dai ruwan gishiri yana cin ƙarfe kuma ƙananan halittun teku suna toshe matata, don haka yana son kulawa ba fashi.

Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne an karkata rabo. Farfajiya ta samu tsayi da haske da tarihi duka, ɗakuna suka tashi da fari da sanyi. Da an rage yawan ɗakunan aka haɗe wasu benaye biyu suka zama ɗaya, ko aka bar lanƙwasar tsohon bango ta leƙo a wasu ɗakuna inda ake nuna sassaƙen ƙarfe da dutse waɗanda danshi bai dame su sosai ba, da gidan ya fi zama abu guda. Tate Modern ta yi wannan da tsoffin tankunan manta na ƙarƙashin ƙasa da ta buɗe a 2012: ta bar bangonsu yadda yake, ta ware su don rawa da bidiyo da wasan da ba ya buƙatar farin bango.

Ita kanta farfajiyar ba kowane aiki take karɓa ba. Ƙaramin abu ɓacewa yake yi a cikinta. Abin da ke rayuwa a nan shi ne wanda aka rataye daga sama ko aka yi shi musamman don wurin, kamar katon tsuntsun roba da ƙaho na Nicholas Hlobo da aka buɗe gidan da shi, ko doguwar saƙar yadi ta Abdoulaye Konaté na Mali da ta sauko ta bango. Hasken rana da ke shigowa ya hana a sa takarda ko hoto na dogon lokaci. Kankare tsirara kuma ba ya shan sauti, yana mayar da shi: waƙa da kiɗa mai jan numfashi suna daɗi a nan, jawabi kuwa sai kalmomi su hau kan juna, ajin 'yan makaranta guda ya isa ya cika wurin da amsa-kuwwa. Akwai kuma abin da baƙo ba ya gani amma injiniya ba ya barci a kansa. Rami mai tsayin mita 27 da ya ratsa benaye, in gobara ta tashi, bututun hayaƙi ne. Duk ginin da ke da irinsa sai an tanadi fankokin zuƙe hayaƙi a sama, ƙofofin da ke rufe ɗakuna daga farfajiya, da matattakalar gudu a killace a wani wuri daban. Matattakala mai nannaɗewa a fili ta ado ce da yawo, ba a dogara da ita ranar tsoro.

A hau hawa na shida a fita lambun sassaƙe da ke kan rufin bututun. A nan ana taka gilasan da aka gani daga ƙasa. An zana musu alamomin da El Loko, ɗan Togo, ya ƙirƙira, kuma zanen ba ado kaɗai ba ne: yana rage zafin rana da ke shiga farfajiya, yana kuma sa ƙafa ta yarda ta taka, don gilashi garau a kan rami irin wannan ba kowa zai iya ba. Daga nan ana ganin tashar jiragen ruwa da Dutsen Tebur.

Inda gidan ya gaza a fili shi ne labarin ginin kansa. A ƙasa akwai ramukan da bel ke bi yana kwashe hatsi, da bakunan ƙarfe da masara ke zubowa ta cikinsu, an bar su, kuma suna daga cikin wuraren da suka fi daɗin gani. Amma baƙo zai iya fita bai fahimci yadda hatsi ke tafiya daga tarago zuwa jirgi ba, bai kuma ji komai sosai game da leburorin da suka yi shekara kusan 80 suna shaƙar ƙurar wurin ba, a ƙasar da launin fata ke yanke wa mutum irin aikin da zai yi. A kwatanta da Zollverein a Essen ta Jamus, mahaƙar kwal da aka rufe a 1986, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2001. A can gidan tarihin yankin Ruhr yana cikin ginin wanke kwal, an bar injuna a mazauninsu, ana ɗaga baƙo sama da doguwar matattakalar lantarki ya riƙa saukowa yana bin hanyar da kwal ke bi. A Cape Town rumbun ya zama kayan sassaƙa. Kyakkyawa ne, amma an fi kallon gwanintar wanda ya yanka fiye da aikin wanda ya gina.

Batun kuɗi da mallaka ma yana cikin abin da ake saya da tikiti. Rand miliyan 500 a kan murabba'in mita 9,500 ya haura rand 50,000 kowane murabba'in mita, kuma mai unguwar bai zuba wannan don Allah da Annabi ba: gidan fasaha yana ɗaga darajar otal da ofisoshi da gidajen da ke kewaye da shi. Ba aibi ba ne, kusan duk irin waɗannan ayyuka haka ake biyan su. Sai dai kuɗin gini daban, kuɗin riƙe gida daban, kuma na biyun ne ke kashe gidajen fasaha: wutar na'urorin iska awa 24, masu gadi a hawa tara, inshorar kayan aro, wanke gilashin da iskar gishiri ke dusasarwa. Tun buɗewa aka yi ta ƙorafi cewa gidan fasahar Afirka ne da sunan Bajamushe, zanen Baturen Ingila, a unguwar masu hannu da shuni, kayan cikinsa kuma aro ne ba kyauta ba. Shugaban farko, Mark Coetzee, ya sauka a 2018 ana tsakiyar bincike kan yadda yake tafiyar da aiki. Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru wadda ta kafa cibiyar RAW Material Company a Dakar, ta karɓi gidan a 2019, kuma ita ce ta gano yadda za a zauna lafiya da ƙananan ɗakunan: maimakon a cusa ɗan wannan da ɗan wancan a kowane ɗaki, sai a ba mai fasaha guda jerin ɗakuna, kowane ɗaki ya zama babi a rayuwar aikinsa. Haka aka yi wa Otobong Nkanga da Tracey Rose. A 2020 aka buɗe ƙofa ga mazauna birnin suka kawo nasu zane-zanen da na gidajensu, kusan 2,000, aka cika bango da su. A 2022 aka yi babban baje kolin zane-zanen shekara 100 da ke nuna baƙar fata, wanda daga baya ya tafi Basel ta Switzerland. Kouoh ta rasu a watan Mayu 2025, bayan an zaɓe ta ta jagoranci babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya na 2026.

Ga mai niyyar zuwa: a ware awa biyu zuwa uku. A fara da ƙasa a ga farfajiya da ramukan bel, a hau lif zuwa hawa na shida, sannan a riƙa saukowa hawa-hawa, don hawan matattakala mai nannaɗewa yana sa jiri kuma yana cin gwiwa. Mai keken guragu da mai turin jariri lif ta ishe su. Hasken farfajiya ya fi kyau daga hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ke faɗowa cikin bututun kai tsaye. A riƙe 'yar rigar sanyi ko da bazara ce a waje, saboda ɗakunan digiri 20 ne, rufin kuma iska gare shi. Tikitin babba rand 180 ne a shekarar buɗewa, ya ƙaru tun daga nan. Tsarin da aka buɗe gidan da shi shi ne 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta, 'yan ƙasashen Afirka kuma kyauta ranar Laraba daga ƙarfe 10 na safe zuwa 1 na rana, da sharaɗin nuna fasfo ko katin shaida. Kafin a sayi tikiti a duba abin da ake nunawa a lokacin, domin tsakanin baje koli da baje koli akan rufe bene guda ko fiye ana sauya kaya, kuma darajar ziyarar ta dogara da wannan fiye da yadda hotunan farfajiya ke nunawa.

In an sauko, a matsa kusa da bakin ɗaya daga cikin yankan da ke daidai tsayin ido. Za a ga launi biyu a jere: tsohon kankare na 1920 da wani abu, mai manyan tsakuwa, da sabon na milimita 250, mai laushin fuska, da siririn layi a tsakaninsu. Kankare biyu masu tazarar shekara 90 ba sa motsi tare. Sabo yana ci gaba da ƙanƙancewa shekaru bayan zubi, tsoho ya daɗe da gama nasa. Wannan layin ne masu kula da ginin za su riƙa dubawa, shi da bakin gilasan rufi inda ruwan sama ke neman hanya.